Wanda Aka Fansa Ba Ya Komawa Gandu

Akwai wata magana da maƙwabtanmu na cikin birnin Zariya sukan yi a kanmu, mu masu bin Yesu Kristi. Wani lokaci da wasa suke yin ta, wani lokaci kuwa da gaske. Sukan ce mu dai mun huta: an gaya mana wani ya riga ya ɗauke mana zunubi, ba a kuwa ɗora mana wata shari'a ba, ashe sai mu yi ta yin abin da muka ga dama, ran Lahadi mu je mu yi waƙa. Duk wanda ya saba kai hatsi ko kaji kasuwar birni, ko ya yi aikin gini ko na asibiti tare da mutanen cikin ganuwa, da wuya a ce maganar nan ba ta taɓa shiga kunnensa ba.

Kada mu yi saurin fushi da mai faɗar haka, gama ruwa ba ya tsami banza. In mutum ya sayi buhun masara a hannun mai sunan baftisma, ya je gida ya zazzage ya tarar da tsakuwa da dusa a gindin buhu, ba ya bukatar wani malami ya fassara masa addininmu. Abin da ya fi damunmu ma shi ne, a cikin ekklesiya kanta akwai masu irin wannan tunani, sai dai ba su furta shi da baki. Suna cewa a zuci, tun da Allah mai gafara ne, gobe ma rana ce. Akwai kuma waɗansu 'yan'uwa masu kishi, waɗanda don tsoron wannan sakaci suka koma tara dokoki, har wa'azinsu duka ya zama jerin abubuwan da aka hana.

Ga abin da muke gani. Mai bi na gaskiya yana iya faɗuwa cikin zunubi, yakan kuwa faɗi. Amma ba ya iya shimfiɗa tabarma a ciki ya zauna hankali kwance. Abin da yake tashe shi daga wurin kuwa, shi ne alherin nan da ya cece shi tun da fari. Doka kaɗai ba ta taɓa iya wannan aiki ba.

Tambayar ta daɗe

Manzo Bulus ya sha irin wannan zargi. A Romawa 3:8 ya ambaci masu yi masa ƙazafi cewa yana koya wa mutane su yi mugunta don a sami alheri. A sura ta 6 kuma ya ɗauko tambayar da kansa har sau biyu, a aya ta 1 da aya ta 15: in gafara tana ƙaruwa gwargwadon yawan laifi, me zai hana mutum ya ƙara laifi? Ya ƙi wannan tunani ƙememe. A ƙasar Jamus ma, Martin Luther, wanda ya tashi a 1517 yana koyar da cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, ya ga yadda waɗansu suka karkatar da koyarwarsa. Wani abokinsa mai suna Agricola ya fara cewa kada a ƙara wa'azin Dokoki Goma a majami'a. Dole Luther ya rubuta littafi a 1539 yana tsawata wa wannan ra'ayi.

A nan gida ma tambayar tana nan tun farko. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a Durumin Maigarke, a tsakiyar birni, cikin malaman da suka san shari'a ciki da bai. Ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, aikin ya ci gaba a can har 1929, sa'ad da aka koma Wusasa, bayan ganuwa. A 1913 waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa. Suka kafa gari a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu. Mutanen da aka kashe malaminsu, suka bar garuruwansu, suka binne 'ya'yansu a Gimi, ba wanda zai ce addini mai sauƙi suka zo nema. Su ne iyayen ekklesiyar Hausa a ƙasar nan.

Da Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa a 1932, kalmar da aka zaɓa domin aikin Yesu a kan gicciye ita ce fansa. Mu yau mukan ji ta kamar kalmar waƙa. Kakanninmu kuwa a gaban alƙali suka san ta, domin sai a 1936 aka hana bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. In muna so mu gane Romawa sura 6, sai mu koma mu ga abin da kalmar take nufi a bakinsu.

Murgu da fansa

Ƙasar Zazzau ta yi suna da rumada, watau ƙauyukan bayi masu noma wa iyayengiji. Bawa yakan shiga gandun ubangijinsa da hantsi, ya yi aiki har wajen azahar, sa'an nan ya tafi 'yar gayaunarsa. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta ba Mary Smith labarin wannan zama a Giwa a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. A 1901 Gwamna Lugga ya yi shela ya hana ciniki da kamun bayi, ya ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma waɗanda suke cikin bauta ba su fita a rana ɗaya ba.

Hanya biyu bawa ya sani. Ta ɗaya ita ce murgu. Bawa ya yi jinga da ubangijinsa, a bar shi ya tafi ya yi sana'arsa, shi kuwa ya riƙa kawo kuɗi kaza lokaci lokaci. Mai biyan murgu yana da 'yar sarari, yana iya zama a wani gari, har ya yi kama da ɗa. Amma ko ya shekara ashirin yana biya, bawa ne, ran da ya kāsa kuwa ya koma gandu. Ta biyu ita ce fansa. A yanke kuɗi a gaban alƙali, a biya, a rubuta takardar 'yanci, magana ta ƙare. Sau da yawa ba bawan ne yake biya ba. Dangi ne sukan haɗa kuɗi su zo, ko kuwa in mace ce, mai son aurenta ya biya ya kai ta gidansa.

To, mutumin da yake so ya sami karɓuwa wurin Allah ta wurin kiyaye doka, mai biyan murgu ne. Yana biya kullum, da azumi, da baiko, da zuwa sujada, da barin wannan da wancan, amma bai taɓa sanin ko ya isa ba, zunubi kuwa yana nan da ikonsa a kansa. Ba laifin Shari'a ba ne. Bulus ya faɗa a Romawa 7:12 cewa ita mai tsarki ce, mai kyau. Aikinta kamar na littafin alƙali ne, ta nuna ko kai bawan wane ne, da abin da ake binka. Littafin alƙali ba ya biya wa kowa. Bishara kuwa ita ce, Wani ya zo ya biya duka, da jininsa, ba da ko anininmu ba. A duba Markus 10:45, da 1 Bitrus 1:18-19, da Afisawa 2:8-9. Alheri ke nan.

Yanzu sai mu yi tambayarmu da harshen kakanninmu. Ga mutum an fanshe shi, takarda tana aljihunsa. Ko zai iya tashi kowace safiya ya ɗauki fartanya ya tafi gandun tsohon ubangijinsa? Ƙafarsa za ta iya kai shi, gama ta saba da hanyar. An kuwa ga haka a ƙasar nan: bayan shelar Turawa waɗansu bayi suka watse, waɗansu suka zauna inda suke. Ba mu ga laifinsu ba, domin da yawa ba su da gona, ba su da wurin zuwa. Namu ya bambanta. Wanda ya fanshe mu ya kai mu gidansa, ya ba mu Ruhunsa, ya ba mu dangi, watau ekklesiya. Bulus ya nuna a Romawa 6:16-18 cewa ba mutumin da ba shi da ubangiji. Wanda kake yi wa biyayya kullum, shi ne ubangijinka, ko mene ne aka rubuta a takarda. Saboda haka in mutum ya shekara goma yana cewa an fanshe shi, kowace safiya kuwa a gandu ake ganinsa, yana nishaɗi, har yana kare tsohon ubangijinsa in an taɓa shi, ya kamata ya sake duba takardar nan da kyau. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Wanda ya saba da saɓo, turke biyu ke riƙe da shi.

Faɗuwa dabam, zama dabam

A nan sai mu yi hankali, kada mu karya zuciyar masu rauni. Wasiƙar Yohanna ta fari ta faɗi abu biyu, dukansu kuwa gaskiya ne. A sura 1:8 zuwa 2:1 ta ce wanda ya ɗauka ba shi da zunubi ya ruɗi kansa, ta kuma nuna muna da mai tsaya mana wurin Uba in mun yi laifi. A sura 3:6-9 kuma ta ce haifaffe daga Allah ba ya mai da zunubi sana'arsa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, amma ya fita ya yi kuka mai zafi. Dawuda ya ɗauki matar mutum ya sa aka kashe mijin, amma da annabi Natan ya faɗa masa gaskiya bai kore shi ba, ya amsa laifinsa.

Yaya mutum zai san wane ne shi? Bari ya tambayi kansa. Abin nan yana damuna, ko kuwa tsoron kada a kama ni kaɗai nake ji? Ina yi masa tanadi tun da wuri, ina ware masa kuɗi da lokaci? In ɗan'uwa ya yi mini magana a kai, ina saurara ko ina neman laifinsa? Na taɓa ɗaukar wani mataki na barinsa da ya ci mini kuɗi ko ya ba ni kunya? Ɗan'uwan da giya ta kama, wanda yake yaƙi da ita, ya yi wata uku bai sha ba, ya faɗi, ya zo da hawaye ya sake tashi, wannan yana cikin yaƙin da Galatiyawa 5:17 ta yi magana a kai. Gawa ba ta kokawa. Kada irin wannan ya fid da zuciya, kada kuma ekklesiya ta fid da zuciya a kansa. Wanda muke ji wa tsoro shi ne wanda ya daina kokawa, ya yi sulhu da abin, yana cin Jibin Ubangiji ba ko ɗar.

Labarin John Newton na Ingila ya ishe mu misali. Ma'aikacin jirgin ruwa ne. A watan Maris na 1748 hadiri ya kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya yi kira ga Allah, daga ranar ya fara addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya bar zagi da saɓon suna. Amma daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku yana shugaban jirgin da yake kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Yana karatu a sama, mutane suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashinsa. Rashin lafiya ce ma ta raba shi da aikin. Ya zama fasto a 1764. Sai a 1788 ya rubuta takarda ya tona muguntar cinikin a fili, ya faɗi kunyarsa, ya kuma goyi bayan William Wilberforce har majalisar Ingila ta hana cinikin a 1807, shekarar da Newton ya rasu. Yana cikin waɗanda suka kafa C.M.S. a 1799, ƙungiyar da ta aiko Likita Miller Zariya.

Labarin nan ya nuna haƙurin Allah, ya kuma nuna alheri bai bar Newton inda ya same shi ba. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Shekarun nan da ya yi yana jinkiri, ba shi ya biya kuɗinsu ba. Ɗaruruwan mutane baƙaƙe irinmu ne suka biya, waɗanda aka raba da garuruwansu har abada. Duk mai cewa zai tuba in ya ga dama, ya tuna akwai wanda yake ɗauke da nauyin jinkirinsa, matarsa ce ko 'ya'yansa ko maƙwabcinsa.

Zunuban da muka daina gani

In aka ce zunubi a majami'unmu na ƙauye, abu uku ke zuwa zuciya: zina, da giya, da ƙarin mace. Waɗannan zunubai ne, ba mu rage musu kome ba. Amma akwai waɗanda muka saba da su har mun sa musu suna dabara.

Akwai mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ko wanda ya buga gindin mudunsa ya shige ciki. Kubawar Shari'a 25:13-16 ta hana wannan da sunansa, annabi Amos ma ya yi kuka a kansa a sura 8. Maƙwabtanmu Musulmi suna da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, don haka sun san abin da suke gani in sun gan shi a hannunmu. Akwai algus, a zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasa a rufe da sabo, ko a yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi. Akwai mai ba da bashin hatsi a watan Agusta, sa'ad da rumbun talaka ya ƙare, buhu ɗaya a biya biyu da kaka, ran Lahadi kuwa shi ne mai karanta sanarwa. Akwai mai cin iyakar gonar gwauruwa, kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi. Akwai mai karɓar takin ƙungiya da sunan gonarsa ya kai kasuwa. Akwai mai kwasar adashi ya daina zubi. Akwai mai dukan matarsa, da mai kai dawar gida gidan burukutu tun kafin damina ta tsaya, da mai ɗaure laya a ƙarƙashin rigar sujada.

Waɗannan ba tuntuɓe ba ne. Ba wanda yake buga gindin mudu bisa kuskure. Sai an zauna, an yi shawara da zuciya, an nemi guduma. Su ne ainihin zama cikin zunubi, su ne kuma suke kashe aikin raya ƙauye. Kowa ya san yadda ƙungiyar manoma take mutuwa: mutum ɗaya ya ci bashi ya ƙi biya, na biyu ya ce shi ma ba wawa ba ne, kafin shekara biyu ba mai yarda ya ajiye ko sisi a hannun ɗan'uwansa. Sai a ce gwamnati ce ba ta taimaka ba. Ana iya kawo mana taki da rijiya da irin shuka, amma amana ba a kawo ta a mota.

Abin da doka ta kāsa

Waɗansu za su ce maganin abin shi ne a tsananta horo. Ba mu ƙi horo ba. Ubangiji ya ba da tsarinsa a Matta 18:15-17, Bulus ya umarci Korintiyawa su fitar da mai zunubin da ya ƙi tuba, ya kuma roƙe su daga baya su karɓi wanda ya tuba don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Amma mu dubi yadda horo yakan zama a wurinmu. Yarinya ta yi ciki, cikin ya fito, a sa ta bencin baya wata shida, a hana ta Jibi. Wanda ya yi mata cikin, in ɗan gidan wani ne, sai a ji shiru. Mai ba da bashi da ruwa kuwa ba a taɓa kiransa gaban dattawa ba, don shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Abin da jama'a suke koya daga irin wannan horo shi ne, laifi shi ne a gan ka. Sai kowa ya ƙware wajen ɓoyewa. In wata shida suka cika kuma, mai horo ya koma bencinsa yana ganin ya biya. Murgu ke nan ya dawo ta bayan gida.

Manomi ya san wannan daga ƙuduji, wanda waɗansu suke kira wuta-wuta. Kafin ka ga furensa ja a gona, ya riga ya kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa yana shan ruwanta. Tsiro ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubbai masu yawa, 'ya'yan kuwa suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran dawa ko masara. In ka sare abin da ya fito kaɗai, baɗi za ka sake ganinsa. Shawarar masana aikin gona, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ita ce a haɗa hanyoyi: a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a ƙara wa gona taki gama ya fi son ƙasar da ta gaji, a shuka irin masara mai jure masa, a kuma riƙa juya shuka da waken suya ko auduga, waɗanda suke sa 'ya'yansa su tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Doka tana sare abin da ido ya gani. Gyaran ƙasa kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Shi ya sa Titus 2:11-14 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma malamin da yake horar da mu mu rabu da mugunta.

Ekklesiyar Anglika ta yi shekara 100 tana fama da wannan a kan mai mata da yawa da ya ba da gaskiya. A taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 aka ce kada a yi masa baftisma muddin yana tare da matansa. Abin da ya biyo baya a wurare da yawa shi ne, ko a kori mata da 'ya'ya su shiga wahala, ko mutumin ya tsufa a bakin ƙofa. A taron 1988 aka sake shawara: a yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, kada a tilasta masa ya saki kowa, amma ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana da rai, jama'ar ekklesiyar wurin kuma su yarda. Ko ekklesiyarku ta bi wannan ko ba ta bi ba, ku lura da tsarin. An karɓi mutum yadda bishara ta same shi, ba a kuwa ba shi izinin ci gaba da tafiya a tsohuwar hanya ba. Haka Yesu ya yi da matar da aka kama da zina a Yohanna sura 8.

Abin da za mu yi

Na fari, kowa ya kira zunubinsa da sunansa a gaban Allah. Addu'ar a gafarta mana dukan laifofinmu tana da kyau, amma takan zama mayafi. Ka ce mudu, ka ce bashin wane, ka ce matar wane.

Na biyu, a nemi ɗan'uwa ɗaya ko 'yar'uwa ɗaya mai riƙon asiri a gaya masa, kamar yadda Yakubu 5:16 ta koya. Zunubin da aka saba da shi a ɓoye yake ƙiba. Zumuntar mata da ta maza su zama wurin da mutum zai iya faɗar rauninsa ba tare da ya ji labarinsa a bakin rijiya washegari ba.

Na uku, a mayar da abin mutane. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, ba wanda ya karanta masa doka. Shi da kansa ya tashi ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Bai yi haka don a karɓe shi ba, ya yi ne don an riga an karɓe shi. In kunyar gona ce, a kira mai unguwa da dattawa a mai da iyaka inda take. In bashin ƙungiya ne, a fara biya ko da mudu mudu ne.

Na huɗu, a toshe hanya, a kuma cike gurbi. Wanda giya ta dame shi kada ya bi ta ƙofar gidan burukutu ran kasuwa da kuɗin hatsi a aljihu, ya ba matarsa ko amininsa su riƙe. Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga hana ɓarawo sata ba, ta ce ya kama sana'a har ya sami abin ba mabukata. Noman rani, da kiwo, da ajin yaƙi da jahilci da yamma, sun raba mutane da yawa da zaman banza da yake jawo su baya.

Na biyar, ekklesiya ta sauƙaƙa wa mutane yin gaskiya. A ajiye mudu ɗaya cikakke wanda kowa zai gwada nasa da shi. A kafa rumbun ekklesiya, a zuba da kaka, a ba da rance a watan Yuli da Agusta ba da ruwa mai nauyi ba, don kada talaka ya faɗa hannun mai buhu biyu. A riƙa karanta lissafin kuɗin ƙungiya da na baiko a gaban jama'a. Dattawa kuma, in za su yi horo, su fara da babba kafin ƙarami, su yi shi da niyyar komo da mutum, kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta ce, su kuma riƙa ziyartarsa a kwanakin horon.

Ga fastoci da masu bishara kuwa, roƙonmu shi ne ku faɗi maganar duka. In kun yi wa'azin gafara kuka ɓoye tuba, kun sallami mutane su koma gandu da waƙa a baki. In kun yi wa'azin doka kuka ɓoye gicciye, kun mai da 'ya'ya masu biyan murgu. Ku gaya wa jama'a an biya fansarsu duka, ku kuma gaya musu wanda ya biya yana jiransu a gidansa, da aikin da ya shirya musu, kamar yadda Afisawa 2:10 ta nuna.

Muna roƙon kowace ekklesiya da wannan takarda ta isa gare ta, ta keɓe Lahadi ɗaya kafin a fara kai amfanin gona kasuwa, a karanta Romawa sura 6 daga fari har ƙarshe, a tattauna ta a zumunta. Kowane magidanci kuma ya koma gida ya juya mudunsa ya duba gindinsa. Allah ya ba mu ikon yi. Amin.